Da Me Aka Riƙa Jarraba Masu Rubuta Manhajar Kwamfuta?

Dalilin wannan ɗan rubutu shi ne abokin ɗakina, ɗalibin kimiyyar kwamfuta a shekarar ƙarshe. Wata uku ke nan ba ya runtsawa sai ya warware matsaloli a LeetCode, wai shirin intabiyu yake yi. Ran nan ya yi mini ba'a, ya ce mu 'yan sashen Hausa ba mu da aiki sai tatsuniya da kacici-kacici. Shi ne na ce bari in bi diddigin tasa sana'ar.

Da fari dai babu wata jarrabawa. A 1945, da ake harhaɗa injin ENIAC a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, mata shida aka zaɓo daga cikin masu yi wa soja lissafin tafiyar harsashin igwa. Zanen wayoyin injin aka miƙa musu, aka ce su gano yadda za a ba shi umurni, suka kuwa gano.

Da injuna suka yawaita, sai ma'aikata suka yi ƙaranci, ga shi jami'o'i ba su fara koyar da fannin ba. Saboda haka a 1955 kamfanin IBM ya fito da jarrabawar auna basira, watau a ba mutum jerin lambobi ya faɗi wadda ke biye, ko siffofi ya faɗi dangantakarsu. Sa'an nan a 1966 waɗansu masana halayyar ɗan Adam biyu, Cannon da Perry, suka bincika masu wannan aiki 1,378, akasarinsu maza, suka ce alamarsu ita ce ba su son cuɗanya da mutane. Kamfanoni suka riƙa neman mai irin wannan hali. A ganina nan aka yi ɓarna, domin wanda aka tarar a kujera aka auna, aka ce haka mai gadonta zai zama. Sana'ar da mata suka buɗe ta koma hannun maza.

To, jama'a, ga inda na rama. A shekarun 1990 kamfanin Microsoft ya yi suna wajen yi wa masu neman aiki kacici-kacici tsantsa. Wanda ya fi shahara shi ne: don me murfin ramin magudanar ruwa na kan titi yake kewayayye? Amsa, don kewayayyen murfi ba ya faɗawa cikin raminsa ko ta yaya aka juya shi. Har littafi guda William Poundstone ya rubuta a kan irin waɗannan tambayoyi a 2003. Ashe abin da muke yi a dandali da farin wata, su a ofis suke yinsa, da albashi a kai! Google ma ya bi sahu, amma a 2013 shugaban sashen ma'aikatansa, Laszlo Bock, ya fito fili ya ce ɓata lokaci ne, ba ya nuna wanda zai iya aiki.

Abin da ya rage shi ne farin allo: a tsayar da kai, ka rubuta umurnin kwamfuta kana bayani, ana kallonka. Wannan ma bai tsira ba. A 2015 aka ƙi ɗaukar Max Howell a Google, alhali kuwa shi ya ƙirƙiro Homebrew da ɗimbin injiniyoyi ke amfani da shi. Ya ce juya wani tsarin bayanai mai rassa a kan allo ne ya gagare shi. A 2020 kuma masu bincike na Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa da Microsoft suka raba ɗalibai gida biyu, waɗansu ana kallonsu, waɗansu su kaɗai a ɗaki. Ƙoƙarin waɗanda aka zuba wa ido ya ragu da fiye da rabi.

Da na karanta wa abokin nawa wannan, bai ce uffan ba. Ya jingina allo da bango, ya ce in zauna in tsura masa ido yana warwarewa da ƙarfi har ya saba. Ran Talata ne intabiyun nasa.