Bahasi a kan Rage Matsin Lantarki domin Tattalin Kuɗin Haske

Tsakure

Wannan maƙala tana bin diddigin wata da'awa da ta yaɗu tsakanin masu kula da manyan gine-gine da fitilun titi, cewa idan aka rage matsin lantarkin da ke shiga fitilu, kuɗin wuta zai sauka ba tare da wata hasara ba. An auna da'awar a kan nau'o'in fitilu da aka saba da su, aka kuma ɗauki Birtaniya a matsayin misali, domin a can ne sana'ar rage matsin ta yi kasuwa. Bahasin ya nuna cewa ragin yana tabbata a tsofaffin fitilu, ko da yake da haske ake biyan galibinsa, a fitilun zamani kuwa kusan babu shi.

Muƙaddima

Asalin mas'alar yana komawa ga shekarar 1995, lokacin da Birtaniya, wadda ta daɗe tana raba wuta a kan bolt 240, ta fara aiki da ittifaƙin da ta yi da sauran ƙasashen Turai, waɗanda akasarinsu ke kan bolt 220, a kan a haɗu a tsakiya, wato bolt 230. Sai dai haɗuwar a takarda aka yi ta, gama hukuma ta halatta matsin ya haura da kashi 10 cikin 100 ko ya sauka da kashi 6, wato daga kimanin bolt 216 zuwa 253, kuma da yake tsohon matsin yana cikin wannan haddi, kamfanonin wuta ba su ga dalilin taɓa taransifomominsu ba, har ya zama wutar da ke isa gine-gine da yawa tana nan a wajen bolt 242, alhali kayan da ake sayarwa don bolt 230 aka ƙera su. Daga wannan tazara ce aka sami masu sayar da wata na'ura, wadda a haƙiƙa taransifoma ce da ake girkawa a mashigar wutar gini, tana saukar da matsin zuwa wajen bolt 220. Amurka ma tana da irin wannan dabara, amma a hannun kamfanonin wuta, waɗanda wasunsu ke riƙe matsin a ɓangaren ƙasa na cikin haddin da aka yarje musu, na bolt 114 zuwa 126.

Hukuncin ƙwai mai zare

Ƙwan fitila irin na da, mai siririn zaren tangistan a ciki, shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a gare shi ne da'awar ta fi kama da gaskiya, a gare shi ne kuma ta fi ruɗarwa. Bisa ƙa'idar da Georg Ohm ya wallafa a 1827, da a ce turjiyar zaren ba ta canzawa, da wutar da ƙwan ke ci ta sauka da kashi 19 cikin 100 duk lokacin da aka rage matsi da kashi 10. Amma tangistan ƙarfe ne da turjiyarsa ke raguwa idan ya huce, saboda haka ragin da ake samu bai wuce kimanin kashi 15 ba. Hasken kuwa ba ya bin wannan tafarki na sannu-sannu, gama shi ɗan zafin zare ne, kuma da zarar zaren ya ɗan huce sai kaso mafi yawa na wutar ya tafi a ɗumin da ido ba ya gani, har wancan ragi na kashi 10 ya cinye wajen kashi 30 na hasken. Duk wanda ya taɓa zama a ɗaki wuta ta yi rauni ya ga alamar da idonsa: farin haske ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya yi ja, har mutum ya iya ƙura wa zaren ido yana ganin lanƙwasarsa ba tare da ya ƙifta ba.

Idan muka yi ƙiyasi da ƙwai mai wat 100, aka saukar masa da matsi daga bolt 230 zuwa 207, zai koma cin wat 85, yana ba da kashi 70 na haskensa, ma'ana kuɗin kowane ma'aunin haske ya hau da kimanin kashi 20 cikin 100, ko da yake mita tana nuna sauƙi. Misalin wannan kamar mai awo ne da ya rage farashin gero bayan ya sauya mudu da ƙarami. Mai saye yana murnar araha, sai an je gida tukunya ta tona asiri. A ra'ayinmu nan ne kuskuren mafi yawan lissafin masu talla yake, domin sun sa wat a mizani sun bar lumen, wato ma'aunin haske, alhali haske ake saye.

Adalci ya wajabta a ambaci fa'ida guda da ba ta da shubuha, ita ce tsawon rai. Rage matsi da kashi 5 kacal yana kusan ninka kwanakin ƙwai, saboda zaren da bai yi zafi ainun ba ba ya saurin ƙarewa. Shaharren ƙwan nan na ofishin 'yan kwana-kwana a garin Livermore na jihar Kalifoniya, wanda ke ci tun 1901, hasken da yake bayarwa a yau bai taka kara ya karya ba. Inda hawa a sauya ƙwai ya fi wutar tsada, kamar dogon rufi ko hasumiya, hujjar tana da ƙarfi. Haka nan ginin da ke samun bolt 242 a kan ƙwan da aka yi don 230, mayar da shi haddinsa gyaran israfi ne.

Fulorasan da fitilun titi

Doguwar fitilar fulorasan mai tsohon cok na naɗaɗɗiyar waya, da fitilar sodiyam mai haske ruwan ɗorawa da ake kafawa a tituna, hukuncinsu ya fi sauƙi, domin a cikinsu haske da cin wuta suna sauka kusan kafaɗa da kafaɗa, zafin da cok ke ɓarnatarwa kuma yana raguwa, don haka akwai riba ta haƙiƙa, musamman inda tun farko an zuba haske fiye da buƙata. Sharaɗin shi ne a kunna su da cikakken matsi, a jira su yi zafi, sa'an nan a sauke a hankali. Illar tana ga tsofaffin fitilun sodiyam, waɗanda buƙatarsu ta matsi ke hauhawa da tsufa, sai a ga fitila ta mutu, ta huce, ta kama, ta sake mutuwa, dare farai.

Fitilun zamani da sharaɗin aiki

Fitilar LED, da fulorasan mai cok na zamani, yawancinsu suna ɗauke da ɗan tsarin da ke daidaita abin da suke ci, shi ya sa ake ganin an rubuta a jikin wasunsu cewa suna aiki daga bolt 100 zuwa 240. Idan aka rage musu matsi, sai su ƙara jan wuta su cike giɓin, mita ba ta motsa ba, wayoyin gini kuma su ɗan ƙara ɗumi, ga kuma ɗan abin da na'urar ragin kanta ke ci dare da rana. Tun da Tarayyar Turai ta janye ƙwai mai zare daga kasuwa tsakanin 2009 da 2012, filin da dabarar ke da amfani a cikinsa yana ta ƙuntata, kuma ba a haɗa ragin kashi 15 da abin da ake samu idan an sauya ƙwai mai wat 60 da LED mai wat 9, wanda ke ba da haske daidai da nasa.

A Nijeriya, inda matsin hukuma shi ma bolt 230 ne, lamarin a unguwanni da dama a juye yake, gama taransifoma ɗaya ce ke ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinta, magidanci kuma sitabilaiza yake nema don ya ɗaga wutar. Sai dai masana'antu da manyan gine-gine masu taransifomar kansu, musamman tun da aka kai farashin wuta na masu rukunin A naira 225 a kowane yunit a Afrilun 2024, suna da dalilin bincika nasu matsin. Wanda zai yi haka, wajibi ne ya auna wutar na tsawon kwanaki, dare da rana, ya ƙidaya nau'in fitilunsa, ya kuma yi awon a fitila mafi nisa daga mashigar wuta, domin matsi yana zubewa a hanya, kuma ƙa'idar saka waya ta Birtaniya ta yarda da zubewar kashi 3 cikin 100 a layin fitilu, wato kusan bolt 7, wanda dole a cire shi tukuna kafin a san ko akwai rarar da za a rage.