Tsagewar Dubura: Dalilin Ƙin Warkewarta da Hanyoyin Magani

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin binciken da aka yi a kan tsagewar dubura daga 1951 zuwa 2012, domin gano abin da ke hana wannan ɗan rauni warkewa. Binciken ya nuna ɗaurewar tsokar ciki ta dubura ce ke tauye wa raunin jini, kuma sassauta ta shi ne ginshiƙin magani.

Gabatarwa

Tsagewar dubura 'yar yagewa ce a fatar bakin mafitar bayan gida. Mai ita yakan ji kamar ana tsaga shi da reza lokacin bahaya, raɗaɗin ya zarce har sa'o'i, ga ɗan jini ja wur. A ƙasar Hausa duk jinin da ya fito ta nan basir ake ce masa. Kunya ta hana mutum zuwa asibiti, sai ya yi watanni yana shan jiƙon masu talla da lasifika a tasha. Alhali basir kumburin jijiyoyin jini ne, na ciki ma sau da yawa ba ya ciwo. Wannan ruɗani abin takaici ne, domin sabuwar tsagewa ba ta da wuyar magani.

Abin da ke hana warkewa

Mafarin abin yawanci taurin bayan gida ne da yawan yunƙuri, wani lokaci gudawa ko haihuwa. Kusan kashi 90 cikin 100 na tsagewar a tsakiyar ɓangaren baya take, wajen ƙashin gindi. Me ya sa nan? A 1989 Klosterhalfen da abokan aikinsa sun duba jijiyoyin jinin gawawwaki, suka tarar wurin yana da ƙarancin rassan jijiya a mafi yawan mutane. A 1994 Schouten ya auna gudun jini a masu rai, ya ga duk sa'ad da tsokar ta ƙara ɗaurewa, jinin da ke isa wurin raguwa yake. Ke nan ciwo ya ɗaure tsoka, tsoka ta matse jijiya, rauni ya rasa jini. Majiyyaci kuma ya riƙa riƙe bahaya don tsoro, bahayan ya ƙara tauri, ya sake yage wurin. In aka wuce mako shida zuwa takwas, tsagewar ta zama tsohuwa: gefenta ya yi kauri, wani ɗan tsiro ya fito a bakinta, wanda shi ne jama'a ke nunawa a matsayin basir.

Magani

Sabuwar tsagewa takan warke da laushin bayan gida. Jensen ya nuna a 1986 cewa cin dusa da zama cikin ruwan ɗumi sun warkar da mafi yawan majiyyatansa. Zogale, kuɓewa, wake, gwanda da yawan shan ruwa suna wannan aiki; Tramadol da kodin kuwa ƙara taurin suke yi.

Tsohuwar sai an sassauta tsoka. Lund da Scholefield sun ruwaito a 1997 cewa man shafawa na GTN ya warkar da kashi 68, amma bitar Cochrane ta 2012 ta sauko da adadin zuwa kusan kashi 49, kuma ciwon kai kan sa mutane su daina. Man diltiyazem bai kai shi sa ciwon kai ba. Allurar Botox tana aiki, sai dai tsada.

Tiyatar yanka gefen tsokar, wadda Eisenhammer ya share wa hanya a 1951, Notaras ya kyautata a 1969, tana warkar da fiye da kashi 90. Illarta, wasu kan kasa riƙe iska ko bahaya. A ganin wannan marubuci, bai kamata a yi gaggawar yi wa macen da ta sha haihuwa wannan tiyata ba, tunda mai yiwuwa tsokarta ta riga ta raunana. Tsagewar da ta fito a gefe, ko ta fi ɗaya, ko ba ta ciwo, dole a bincika tarin fuka, ƙanjamau, tunjere, cutar Crohn da sankara kafin a kai mata wuƙa.