Me takardar fansho ta shekara-shekara ke faɗa wa ma'aikaci a Birtaniya?

Sau ɗaya a shekara, ma'aikacin da ke cikin tsarin fansho na wurin aiki a Birtaniya yakan samu takarda daga kamfanin da ke kula da asusunsa, ta gidan waya ko ta intanet. Takardar na nuna abin da ya tara, tana kuma hasashen abin da zai riƙa samu idan ya yi ritaya.

Wannan adadi na hasashe shi ido ke fara faɗawa a kai, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba alkawari ba ne. Ƙiyasi ne da aka gina a kan zato iri-iri, kuma duk wanda bai san waɗannan zace-zacen ba zai iya tsara tsufansa a kan kuɗin da ba zai gani ba.

Yadda kuɗin ke taruwa

Tun watan Oktoba na shekara ta 2012 doka ta fara wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su sanya ma'aikatansu cikin tsarin fansho ba tare da sun nema ba. Dokar ta shafi wanda ya kai shekara 22, bai kai shekarun karɓar fanshon gwamnati ba, kuma yake samun fiye da fam 10,000 a shekara. Baƙin da ke aiki a ƙasar, ciki har da 'yan Najeriya da Ghana, suna cikin wannan tsari.

Daga watan Afrilu na 2019, mafi ƙarancin abin da ake zubawa shi ne kashi 8 cikin ɗari, inda mai ɗaukar aiki ke bada aƙalla kashi 3, saura kuma ya fito daga albashin ma'aikaci da rangwamen haraji.

Sai dai a wurare da dama ba a kan dukkan albashi ake lissafin ba, a kan abin da ke tsakanin fam 6,240 da fam 50,270 ne. Misali, mai albashin fam 30,000 za a yi masa lissafi a kan fam 23,760, abin da ke shiga asusunsa kuwa kimanin fam 1,900 ne a shekara.

Abin da ke cikin takardar

Tun watan Oktoba na 2022, an umurci irin waɗannan asusu su taƙaita takardar a shafi biyu. Tana nuna jimillar kuɗin da ke cikin asusun, da abin da ma'aikaci ya zuba, da na mai ɗaukar aiki, da rangwamen haraji. Ya kamata mutum ya gwada waɗannan alƙaluma da takardun albashinsa, domin ta nan ne ake gane ko an cire kuɗi daga albashi amma ba su isa asusu ba.

Akwai kuma kuɗin hidima da kamfani ke cira. Tun 2015 doka ta ƙayyade shi a kashi 0.75 cikin ɗari a shekara, ga asusun da ake saka ma'aikaci a ciki idan bai zaɓi wani da kansa ba.

Hasashen da abin da aka gina shi a kai

Da farko, an rubuta adadin ne da darajar kuɗin yau. Ana ɗauka cewa farashin kaya zai riƙa tashi da kashi 2.5 cikin ɗari a kowace shekara, sai a rage adadin daidai da haka. A kan wannan ma'auni, fam 100,000 nan da shekara 30 ba za ta sayi abin da ya wuce na kimanin fam 47,700 a yau ba. Amma hauhawar farashi ba ta bin takarda: a watan Oktoba na 2022 ta kai kashi 11.1 cikin ɗari a Birtaniya.

Sannan ana ƙiyasta yadda jarin zai haɓaka. A da, kowane kamfani da nasa ƙiyasin, abin da ya sa kwatanta takardu biyu ke da wuya. Daga watan Oktoba na 2023 hukumar FRC, mai sa ido kan harkokin akanta, ta sa kowa bin ma'auni ɗaya, gwargwadon yadda darajar jarin ke hawa da sauka. Asusun da ke cike da hannayen jari ana yi masa hasashen riba mafi yawa, wanda ba ya nufin ya fi aminci, hasali ma shi ya fi saurin faɗuwa.

Hasashen yana kuma ɗauka cewa za a ci gaba da zuba kuɗi babu yankewa har zuwa ranar ritayar da ke rubuce a takardar. Wanda ya sauya aiki, ko macen da ta dakata don renon yara, ko wanda ya koma gida Najeriya yana da shekara 45, adadin ba nasa ba ne kuma. Ranar ritayar ma sau da yawa kamfani ne ya sanya ta, don haka ya dace a duba.

Zato na ƙarshe shi ne mafi ɓoyuwa. Ana ɗauka cewa mutum zai miƙa dukkan kuɗin ga kamfanin inshora domin a riƙa biyansa wani adadi har ƙarshen rayuwarsa, adadin da ba ya ƙaruwa, kuma ba a yi wa mata ko miji tanadi a cikinsa ba. Idan farashi na tashi da kashi 2.5, bayan shekara 20 wannan kuɗi zai sayi kimanin kashi 61 ne kawai na abin da yake saye a farko. Ga mai iyali, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Tun 2015 ba dole ba ne a bi wannan hanya. Mutum na iya karɓar kashi 25 ba tare da haraji ba, ya bar sauran a zube yana ɗiba kaɗan-kaɗan. Amma duk abin da ya ɗiba a dunƙule, zai rage abin da takardar ta yi hasashe. Ana fara taɓa kuɗin ne daga shekara 55, kuma za a ɗaga zuwa 57 a watan Afrilu na 2028.

Abin da ba ya ciki

Fanshon gwamnati daban yake. Cikakkensa na buƙatar shekara 35 na biyan kuɗin inshorar ƙasa, kuma a shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026 ya kama fam 230.25 a mako. Wanda ya koma Najeriya ko Ghana da zama za a biya shi, sai dai ba zai samu ƙarin da ake yi duk shekara ba.

Haka nan takardar asusu guda kawai take magana a kai. Wanda ya yi aiki wurare huɗu zai iya kasancewa da asusu huɗu, kuma gwamnati na da sashe na musamman da ke taimakawa kyauta wajen gano waɗanda aka manta.

Musulmi da ke son guje wa kuɗin ruwa na iya neman a mayar da kuɗinsu asusun da ya dace da shari'a, kamar wanda asusun Nest da gwamnati ta kafa ke da shi. Waɗanda suka kai shekara 50 kuwa suna da damar neman bayani kyauta daga sashen Pension Wise kafin su yanke shawarar yadda za su karɓi kuɗinsu.