Afolo Da Ƙudajen Ido A Zangon Ankara

Hausawa sun daɗe da zama a Ankara, babban birnin Gana. Fatake da mahauta da tsofaffin sojoji ne suka kafa zangunan farko, sa'an nan wajen shekarar 1931 Malam Amadu Futa ya sami fili daga hannun mutanen Osu, inda unguwar Nima take a yau. Daga baya Mamobi ta tashi kusa da ita. Baƙi suka yi ta kwararowa daga arewa har gidaje suka cunkushe, ruwa kuwa ya yi wuya. A irin wannan wuri ciwon ido ba ya shan wahalar tsallakawa daga gida zuwa gida.

A tsakiyar shekarar 1969 wani baƙon ciwo ya ɓulla a yankin Ankara. Mutum zai kwanta lafiya, ya tashi da ido jawur, ya kumbura, yana zubar da hawaye, kamar an watsa masa yashi. Da yake a watan Yuli na shekarar ne kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata, sai jama'a suka laƙaba wa ciwon suna Afolo. Ya bi gaɓar teku ya shiga Nijeriya, sunan kuma ya bi shi har Kano da Sakkwato. Daga baya masana suka gane wata ƙwayar cuta ce sabuwa. Abin lura shi ne, Afolo yakan tafi da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Sau da yawa wanda ya yi hasarar ido, abin da ya ɗiga ne ya cuce shi, wato fitsari, ko ruwan ganye, ko wani haɗi mai zafi.

Akwai kuma wani al'amari na ido wanda ya girmi Afolo nesa, amma ba shi da zafi, ba ya sa ja, don haka ba a cika kula da shi ba. Mutum yakan ga wasu ɗigo baƙi-baƙi ko zare kamar saƙar gizo-gizo suna yawo a gabansa, musamman in ya dubi sararin sama ko farin bango. Likitocin Turai na dā sun kira su da Latinanci ƙudaje masu tashi. Ba su iya ganin inda suke ba, sai a shekarar 1851 da wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya ƙera madubin leƙa cikin ido.

Ga abin da aka gano. Cikin ƙwayar ido cike yake da ruwa mai kauri kamar farin ƙwai. A can bayansa akwai wata siririyar fata mai karɓar haske, ana ce da ita ratina, da ita muke gani. Sa'ad da mutum ya manyanta ruwan nan yakan tsinke, ya yi gudaji, inuwarsu ce take faɗuwa a kan ratina. Yawancinsu ba su da lahani. Bayan 'yan watanni mutum yakan saba, ya daina lura da su, ba kuwa wani maganin ɗigawa da ke narkar da su.

Amma wani lokaci ruwan yakan fizgi ratina ya yaga ta, ruwa ya shiga ƙarƙashinta ya ɓamɓare ta, kamar yadda damina ke ɓamɓare yaɓe daga jikin soro. A dā wannan makanta ce tabbas. Wani likitan ƙasar Suwizalan, Jules Gonin, shi ya nuna cewa yagewar ce tushen ɓarnar, ya riƙa toshe ta da ƙarfe mai zafi, abin da ya yi kama da sakiyar wanzamai. Abokan aikinsa sun yi ta shakka, sai a taron likitocin ido na 1929 a Amsterdam suka yarda. Yau da hasken leza ake liƙe yagewar cikin 'yan mintoci, in an zo da wuri.

Ilimin nan ya iso ƙasashenmu ta asibitoci. An buɗe Korle Bu a Ankara a 1923, a Kano kuma mishan ta SIM ta kafa asibitin ido a 1943, wanda yanzu yake hannun ECWA. Duk da haka mutane da yawa ba sa zuwa sai gani ya tafi, gama sun ɗauka abin da ba ya zafi ba ciwo ba ne.

To, mai karatu, ga alamu uku. In ƙudajen suka ƙaru farat ɗaya, ko kana ganin walƙiya a gefen ido, ko wata inuwa kamar labule tana rufe gefen ganinka, kada ka kwana kana jira. Nemi likitan ido a ranar, ya ɗiga maganin buɗe ido ya duba ciki. Masu ciwon suga, da waɗanda ba sa hangen nesa sai da tabarau mai ƙarfi, da wanda aka cire wa yana, da wanda ya bugu a ido, da masu sikila irin ta SC wadda ta yawaita a Gana, su ya kamata su fi kowa hanzari. Afolo yakan ba mutum makonni ya warke, amma ratinar da ta yage kwanaki kaɗan take bayarwa.