Daga Kano Zuwa Bakhtur-Ruda: Tarihin Wani Zumuncin Makarantu

Da yawa daga cikinmu da neman abinci ya kai Legas, Abuja ko Fatakwal mun sha jin 'ya'yanmu suna cewa makarantarsu ta ƙulla ƙawance da wata a Ingila, ana musayar wasiƙu da hotuna. Irin wannan ya yawaita ne bayan gwamnatin Birtaniya ta fito da shirinta a 2003, hukumar British Council kuma ta biyo baya da nata a 2006. Sai wasunmu suka ɗauka baƙon abu ne. Alhali kuwa ƙasar Hausa ta yi wannan zumunci tun kafin a haifi mafi yawanmu, kuma gabas ta fuskanta, wato Sudan.

Hanyar dama tsohuwa ce, ta nan alhazai ke ratsawa a ƙasa. Bayan yaƙin Burmi na 1903 ma, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya ja jama'a suka zauna a Sudan, a garin da ake kira da sunansa. Amma hulɗar makarantu ta soma ne a 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, sa'ad da aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano domin horar da alƙalai. Malamai uku aka ɗauko daga Sudan, cikinsu har da Shehu Bashir al-Rayyah. Sun zo da abin da karatun zaure bai saba da shi ba: karatu aji-aji, jadawalin darussa, jarrabawa, da yin magana da Larabci a baki maimakon fassara littafi kalma-kalma kaɗai. A 1947 aka faɗaɗa makarantar ta koma ta nazarin Larabci, wadda aka fi sani da SAS.

Kada mu yaba wa Turawa fiye da kima a nan. Sun zaɓi Sudan ne domin ita ma tana hannunsu, suna kuma tsoron ɗalibanmu su je Azhar su kwaso ra'ayin 'yan kishin ƙasar Masar. Sai dai abin da ya fito daga zaɓin ya zarce nufinsu.

A 1954 aka tura wasu matasan malamai zuwa kwalejin horar da malamai ta Bakhtur-Ruda, cikinsu akwai Abubakar Mahmud Gumi, Halliru Binji da Shehu Galadanci. Wannan kwaleji, wadda ita ma a 1934 aka kafa ta kusa da garin Duwaim, da gangan aka ajiye ta a karkara domin malami ya san rayuwar yaran da zai koyar. A can aka rubuta wani littafin labarin ƙasa na firamare da ya cancanci mu tsaya a kansa. Maimakon a sa yaro ya haddace sunayen koguna da duwatsu, sai a kai shi ziyara cikin tunani wurin abokai tara a sassan ƙasar: ɗan makiyayi a Babanusa, ɗan manomi a Yambiyo can kudu, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa a Atbara, da sauransu. Yaro zai ji abin da abokinsa ke ci, irin ɗakin da yake kwana, da sana'ar ubansa. Dattawan Sudan da suka yi firamare a wancan zamani sun daɗe suna tuna waɗannan abokai da sunayensu. Ko yau da ake da intanet, ba mu ga dabarar sanar da yaro al'adar wani da ta fi wannan ba.

Amfanin bai jima ba ya bayyana. Daga Sudan Gumi ya wuce aikin hajji a 1955, inda ya haɗu da Sardauna Ahmadu Bello. Basudane ne, Shehu Awad Muhammad Ahmad, ya fara riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Arewa, Gumi ya gaje shi a 1962. Galadanci ya zama shugaban Jami'ar Sakkwato na farko. Hatta kwamitin masana shari'a na 1958, wanda ya share fagen kundin hukunta laifuffuka na Arewa, Babban Jojin Sudan Muhammad Abu Rannat ne ya shugabance shi.

Duk da haka zumuncin yana da aibinsa. Ruwan ta fuska ɗaya ya fi gudu: malamai daga can, ɗalibai daga nan. Kuma 'yan ƙalilan ne suka amfana kai tsaye, manyan maza da aka zaɓa, ban da yaran firamare. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 kuwa, wanda ya sa aka kwaso ɗalibanmu ta Masar da Port Sudan, ya girgiza abin da ya rage na wannan hanya.

Idan a tarukanmu aka tayar da zancen nema wa makarantun gida ƙawa a waje, Landan muke fara ambata, kuma galibi kwamfutoci muke hange. Ba mu cika tuna Maraɗi da Damagaram ba. Yaran can sun taso a tsarin karatun Faransanci, tarihin mulkin mallakarsu daban yake da namu, ga shi Hausa ɗaya muke ji, har a 2025 Nijar ta ayyana ta harshen ƙasa. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba.