Tarihin Motar Lantarki da Yadda Ta Iso Nasarawa Ta Ƙarƙashin Ƙasa

A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin litiyam ta kamfanin Avatar New Energy Materials a ƙaramar hukumar Nasarawa, inda Shugaban Majalisar Dattawa, Godswill Akpabio, ya wakilci Shugaba Bola Tinubu. An sanar cewa za ta iya niƙa tan 4,000 na dutse a rana. Daga nan ne muhawara ta yi zafi a Lafiya, fadar gwamnatin jihar Nasarawa: wasu na ganin arziki ya zo har gida, wasu na tambayar wane ne zai ci moriyarsa. Dutsen da ake wannan magana a kansa shi ne ruhin batirin motar lantarki, motar da yawancin mutanen jihar ba su taɓa shiga ba. Fahimtar abin da ya kawo 'yan kasuwar Sin dazukan Udege da Kokona sai an koma tarihin ita kanta motar.

Motar lantarki ta girmi yawancin abin da ake kira sabon zamani. A 1859 Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro batirin darma da ake iya sake yi wa caji, kakan wanda ke cikin kowace mota a yau. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare motoci masu batir na ɗaukar fasinja a Landan da New York, kuma a 1899 wata motar lantarki da Camille Jenatzy ya tuƙa ce ta fara zarce gudun kilomita 100 a awa. Wajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka na lantarki ne. Abu biyu suka kayar da ita. Henry Ford ya fito da Model T a 1908, mota mai araha mai shan fetur, sannan a 1912 aka sa wa motar fetur sitata, aka huta da juya inji da hannu. Man Texas ya yi arha, hanyoyi suka yi nisa, batirin darma kuwa ga nauyi ga saurin ƙarewa. Sai aka yi kusan shekara sittin ba a jin ɗuriyarta.

Farfaɗowarta ta fara ne a ɗakin bincike. Lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana sayar da mai a 1973, kamfanin mai na Exxon na da wani masani, Stanley Whittingham, da ke gwajin batirin litiyam. Litiyam shi ne ƙarfe mafi rashin nauyi a duniya, don haka yana riƙe wuta mai yawa a ƙaramin mazubi. John Goodenough ya inganta aikin a Jami'ar Oxford a 1980, Akira Yoshino na Japan ya samo hanyar da za ta rage haɗarin kama wuta a 1985, kamfanin Sony ya sa batirin a kasuwa a 1991. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 2019. Wayar hannu da kwamfutar tafi-da-gidanka ne suka fara amfana, kuma su ne suka sa aka riƙa ƙera batirin da yawa har kuɗinsa ya fara sauka. Tesla ta fito da Roadster a 2008, Nissan ta biyo da Leaf a 2010. A shekarar ce kuma Chevrolet Volt ta shiga kasuwa, motar da ɗan Sakkwato Jelani Aliyu ya zana siffarta ta farko yana aiki a General Motors.

Akwai bayani uku da ake bayarwa kan dalilin da ya sa jama'a suka rungumi motar. Na farko, wanda aka fi ji a tarukan ƙasa da ƙasa, shi ne tsoron sauyin yanayi da yarjejeniyar Paris ta 2015. Na biyu shi ne hannun gwamnatoci: tallafin da Sin ta zuba tun 2009, da yafe haraji irin na Norway, inda a 2024 kusan mota tara cikin kowace goma sababbi ta lantarki ce. Duka biyun suna da ƙamshin gaskiya, amma ba su isa ba. An daɗe ana wa'azin muhalli kafin 2015 ba tare da kasuwa ta motsa ba, kuma Sin ta janye tallafin sayen motar a ƙarshen 2022 amma ciniki ya ci gaba da hauhawa. Bayani na uku ne ya fi tsayawa da ƙafarsa: aljihu. A 2010 kowace awar kilowat ta batir ta haura dala 1,000. A 2024 ta sauko wajen dala 115. Da batir ya yi araha, mota ta yi araha, mai saye ya zo da kansa. Alƙaluman Hukumar Makamashi ta Duniya sun nuna an sayar da kimanin miliyan 3 a 2020, fiye da miliyan 10 a 2022, sama da miliyan 17 a 2024, wato fiye da mota ɗaya cikin kowace biyar da aka saya sabuwa. Fiye da rabinsu a ƙasar Sin aka saye su.

Abin da ya faru a Najeriya ya ƙara wa wannan bayani ƙarfi. A Nuwamban 2020 kamfanin Stallion ya nuna Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas. A 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu da ya dawo gida ya shugabance ta tun 2017, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A shekarar ne Shugaba Buhari ya yi alkawari a Glasgow cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa kafin 2060. Duk wannan bai sa direban tasha ya ɗaga kai ba, domin litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai. Cikin kwanaki lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A nan ne ɗan acaba da mai a-daidaita-sahu suka fara tambayar babur mai caji. A Maiduguri, inda Mustapha Gajibo ya riga ya fara mayar da ƙananan bas-bas zuwa masu aiki da batir, gwamnatin Babagana Zulum ta ƙaddamar da motocin haya na lantarki da na gas a Disambar 2023. A Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta cire wa motocin lantarki harajin VAT.

Lissafin ribar a bayyane yake. Motar fetur matsakaiciya na shan kamar lita 8 a kilomita 100, wato naira 8,000 idan lita na 1,000. Ta lantarki mai irin girmanta na cin awar kilowat 16 zuwa 18. Ko a farashin wutar lantarki na rukunin A, naira 225 kowace awar kilowat, da aka sanar a Afrilun 2024, kuɗin ba zai wuce 4,000 da 'yan kai ba. Ba ta buƙatar juye, ba filogi, ba salansa, kuma ba ta tura hayaƙi a fuskar masu talla a bakin titi. Sai dai wannan lissafi na mai wuta ne. Lafiya ta daɗe tana fama da wuta marar ƙarfi, har sai da Buhari ya buɗe babbar tashar rarraba lantarki ta Akurba a Fabrairun 2022. An samu sauƙi, amma tashar na ɗauko wuta ne daga layin ƙasa da ke raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutum fiye da miliyan 200, layin da ya faɗi sau da dama a 2024, har yawancin Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu a watan Oktoba. Batirin Kona na ɗaukar awar kilowat 64. Ƙaramin janareton da ake kunnawa a ƙofar shago ba ya ba da kilowat ɗaya cikakke, don haka sai ya kwana kusan uku yana ruri kafin ya cika shi, da fetur ɗin da aka gudu. Ga kuma kuɗin saye. Yawancin masu mota a nan 'yar Kwatano suke saye, wadda ta sha hannu a Turai ko Amurka. Tsohuwar motar lantarki kuwa batirinta ne ya tsufa, shi ne kuma ɓangare mafi tsada a jikinta, bakanike na garejin gefen hanya bai san kansa ba tukuna.

Shi ya sa Nasarawa ta fara haɗuwa da motar lantarki ta fuskar haƙa. Jihar, wadda gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire daga Filato ranar 1 ga Oktoban 1996, kirarinta shi ne gidan ma'adinai. Shi garin Lafiya, wanda Barebari ƙarƙashin Muhammadu Dunama suka kafa, yana zaune ne a kwarin Binuwai, ƙasar kwal ta wajen Obi da gishirin Keana da Awe. Litiyam na can yamma da arewa, cikin tsofaffin duwatsun Nasarawa, Kokona, Keffi da Wamba. Ba sabon gani ba ne. Tun 1946 masu binciken ƙasa na Turawa, Jacobson da Webb, suka rubuta rahoto kan jijiyoyin dutsen wannan yanki. Abin da ake nema a lokacin shi ne kuza da kolumbait da tantalait, kuma dutsen litiyam, fari-fari ko mai ɗan launin shunayya, tarkace ne da ake turewa gefe. Tarkacen nan ne ya zama dukiya sa'ad da farashin litiyam a Sin ya ninka fiye da sau goma tsakanin ƙarshen 2020 da Nuwamban 2022, ya kusa yuwan 600,000 kowane tan.

Daga nan aka shiga rububi. Manoma suka ajiye fartanya suka ɗauki diga da guduma. Yadda aikin ke tafiya a yawancin wurare shi ne: a haƙa rami kamar rijiya, mutum ya sauka da fitila a goshi, ya bi jijiyar dutse ta ƙarƙashin ƙasa ba tare da tokari ba, a jawo abin da ya fasa da igiya da bokiti. A bakin ramin mata da yara ke zaune cikin ƙura suna tsince mai kyau suna durawa a buhu, dillali ya auna ya biya, babbar mota ta kwashe. A Disambar 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoto daga ƙauyen Pasali, inda ya tarar da yara ƙanana na wannan aiki a ramukan da ba su da lasisi, a kan abin da bai kai dala ɗaya ba a wuni. Wannan farashi ne da ba ya cikin lissafin mai sayen mota a Shanghai ko Oslo, kuma abin kunya ne ga duk wanda ke da hannu a cinikin, daga dillali har hukuma.

Gwamnati ta amsa ta hanya biyu. Ministan ma'adinai Dele Alake ya kafa sharaɗin cewa mai neman lasisi sai ya nuna shirin sarrafawa a cikin gida, kuma a Maris 2024 aka ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai daga jami'an Sibil Difens. Gwamna Abdullahi Sule, injiniya da ya fito daga masana'antar sukari ta Ɗangote, ya sa jawo masu masana'anta a gaba. A Oktoban 2023 aka aza harsashin wata masana'anta a Endo da aka ce za ta ci dala miliyan 250, kafin ta Avatar ta biyo baya. Wannan ci gaba ne a kan fitar da ɗanyen dutse, kuma Zimbabwe ma hanyar da ta bi ke nan da ta haramta fitar da shi a Disambar 2022. Amma ya kamata a san iyakarsa. Niƙa dutse da wanke shi har ya zama gari mai kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na sinadarin litiyam shi ne matakin farko. Tacewa zuwa sinadarin batir, da ƙera batirin, da harhaɗa motar, nan ne kuɗin yake, kuma wajen kashi biyu cikin uku na tacewar duniya a Sin ake yi. Bugu da ƙari, tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa, don haka Abuja ke ba da lasisi, Lafiya da ƙauyuka ke zama da ramuka da gurɓataccen ruwa.

Akwai kuma darasin kasuwa. Bayan ƙololuwar 2022, farashin litiyam ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari a cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, saboda Ostareliya da Chile da Sin sun ƙara haƙa fiye da buƙata. Masu ƙera batir a Sin sun ma fara gwada na sodiyam, wanda ba ya buƙatar litiyam. Mutanen wannan yanki sun taɓa ganin irin haka: kuzar Filato ta yi tashe fiye da rabin ƙarni, kasuwarta ta rushe a 1985, aka bar ɗaruruwan kududdufai da har yau suke cin mutane da dabbobi.

Abin da ke hannun gwamnatin Lafiya da majalisar dokokin jihar da masu sarauta bai da yawa, amma yana da nauyi: a fitar da yara daga bakin ramuka a mayar da su aji, a tilasta wa kowane kamfani cike ramin da ya haƙa, a bayyana wa jama'a yarjejeniyar da aka ƙulla da kowane ƙauye, sannan a kafa wuraren caji masu sola a tashoshin Lafiya da Akwanga da Keffi domin masu babur da a-daidaita-sahu, waɗanda su ne za su fara cin moriyar batirin da aka haƙo daga ƙasarsu.