Asalin Kalma: Tawakkali

Daga Larabci muka aro ta, "tawakkul", kuma tushensu ɗaya da "wakili": mai tawakkali ya wakilta Allah ne kan abin da ya fi ƙarfinsa. A Araba ta ƙasar Illela, dab da Birnin Ƙonni, kalmar ba ta barin bakin 'yan ciranin Nijar, masu ga-ruwa da 'yan dako. Da aka rufe iyaka a Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, aike gida ya yi wuya, mai iyali ya kasa barci, amma in ka tambaye shi, sai ya ce, "Mun yi tawakkali." Wasu kan haɗa ta da dangana, amma ita dangana a gidan makoki aka fi roƙa wa mutum.